Yadda ake kewaye gonar tuffa da shinge ba tare da an toshe wa barewa hanya ba

A watan Janairu, idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe yankin Wayne da ke gaɓar tafkin Ontario a jihar New York, ciyawa ta ɓace, ganye ya kaɗe, abin da ya rage wa barewa shi ne kan rassan itatuwa. Babu kuma reshen da ya kai na dashen tuffa taushi. Manomi zai kwanta gonarsa lafiya lau, gari ya waye ya tarar an yi wa layi guda aski, tohon da zai zama fure a watan Mayu ya tafi cikin tumbin dabba. Babbar barewa ɗaya tana cin kilo 2 zuwa 3 a yini. Idan guda goma suka saba da gona, lissafin ba ya buƙatar alƙalami.

Barewar da nake magana a kanta ba irin tamu ta sahel ba ce. Ta gabashin Amurka ce mai farin ƙarƙashin wutsiya, wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, namijinta kuma yana da ƙaho mai rassa da yake zubarwa kowace shekara ya sake fitar da sabo. Wajen shekarar 1900 farauta ta kusa ƙarar da ita, har aka ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba a duk ƙasar. Dokokin kariya da ɓacewar kyarkeci suka dawo da ita, yau ana maganar kusan miliyan 30. A daidai lokacin da take ƙaruwa, su kuma manoman tuffa suka bar manyan itatuwa irin na kakanninsu, suka koma gajeru da ake aurawa a kan wata saiwa mai gajarta itace da ake kira M.9, wadda aka tace a cibiyar binciken noma ta East Malling a Ingila. Tsarin da Jami'ar Cornell ta yaɗa yana dasa wajen itace 2,500 a hekta ɗaya, siririya kowacce, rassanta na ƙasa daidai bakin barewa. Kuɗin da ke cikin hekta guda ya ninka, abincin kuma an sauko mata da shi.

Shi ya sa shinge ya zama dole. Amma akwai abin da mai sayar da waya ba zai gaya maka ba. Shinge ba ya rage barewa ko ɗaya. Yana sauya mata hanya ne kawai. Wadda ka hana shiga gonarka ba ta ɓace ba, tana can tana bin jikin wayar tana neman inda ta ƙare, kuma inda ta ƙare ɗin zai iya zama gonar maƙwabcinka ko bakin titi. Duk wanda ya taso a Arewa ya san abin da ke biyo baya idan aka nome burtali: shanu ba sa fasa zuwa mashaya, sai dai su ratsa ta inda bai kamata ba. Saboda haka, kafin ka tambayi tsawon shinge, fara tambayar ina za ka tura dabbar.

Mataki na farko: karanta ƙasa kafin ka sayi ko ƙusa

Fara da tabbatar da mai laifin. Barewa ba ta da haƙoran gaba na sama, don haka fizgar reshe take yi, ta bar shi a yage kamar an tsinka igiya da hannu. Zomo kuwa yanka yake yi sumul a karkace, sai ka ce da aska. Ɓarnar zomo tana ƙasa-ƙasa, ta barewa tana kaiwa mita 1.8. Idan ka ga an kankare ɓawon itace ta gefe ɗaya daga gwiwa zuwa ƙugu, tsakanin Satumba da Nuwamba, wannan aikin namiji ne yana goga ƙahonsa. Idan kankarar ta zagaye gindi dab da ƙasa da alamun ƙananan haƙora, ɓeran gona ne, kuma shinge mai mita biyu da rabi ba zai yi maka maganinsa ba.

Daga nan sai bin sawu. Nan ne mafi yawan mutane ke gaggawa, nan ne kuma ya kamata a zauna. Barewa dabba ce mai riƙon al'ada. Tana da makwanci a cikin sarƙaƙiya, tana da wurin kiwo, tana da mashaya, kuma turba ɗaya take bi a tsakaninsu, yawanci da asuba da kuma almuru. Washegarin zubar sabuwar ƙanƙara ka zagaye gonar da ƙafa, ƙasa za ta ba ka labari kamar allo. Idan ba lokacin ƙanƙara ba ne, duba laka a bakin rafi, da inda ciyawa ta kwanta, da gashin da ya maƙale a tsohuwar waya, da tarin kashi. Kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin itace mai ɗaukar hoto idan ta ji motsi, biyu ko uku sun isa. Buga hoton gonar na tauraron ɗan'adam a takarda, ka zana kowace turba da jan biro, ka sa kibiya inda suke shiga da inda suke fita.

Kada ka yi wannan a wata ɗaya ka ce ka gama. Turbar watan Yuni daban take da ta Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da maza ke yawo ba dare ba rana. Ta tsakiyar hunturu ma daban, domin a jihohin arewa suna taruwa a dazukan da ba sa zubar da ganye don su fake wa iska. Idan da hali, ba wa wannan aiki shekara guda cur, ita ce kuma shekarar da kake gyaran ƙasa kafin dashe.

Ga abin da ya sa turbar nan ke da nauyi. Binciken da William Porter da ɗalibansa suka yi a tsaunukan Adirondack na New York ya nuna cewa macen barewa ba ta cika barin inda aka haife ta ba. 'Ya tana kafa wurin zamanta ya haɗu da na uwa, jika ta haɗa da na 'ya, kamar yadda ganyen fure ke hawa kan juna. Samarin maza ne ke yin ƙaura. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a nan maganar ta wuce karin magana: hanyar da uwa ta bi ta ratsa gonarka, ita 'ya'ya suka gada. Ba za su tattara su bar unguwar don ka kafa waya ba. Za su zauna, su matsa kiwonsu zuwa abin da ya rage a waje.

Mataki na biyu: hukuma da maƙwabta

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Ƙananan hukumomi da dama suna da ƙa'idar tsawon shinge da tazararsa daga titi, don haka je ofishinsu tukuna. Tabbatar da iyakar filinka da takardar safiyo. Kira lamba 811 kwanaki kafin ka haƙa rami, su zo su nuna maka inda bututun gas da wayoyin ƙarƙashin ƙasa suka bi, kyauta ne. Sannan ka taka zuwa gidan maƙwabci da taswirarka a hannu, ka nuna masa inda kake zaton dabbobin za su karkata. Gara ya ji daga bakinka da ya gani a jikin itatuwansa.

Mataki na uku: zana layin shingen

A nan ne ake yanke hukuncin da ya shafi dabba, kuma ba a gyara shi cikin sauƙi bayan an kafa dirkoki.

Kewaye itatuwa, kada ka kewaye fili. Jarabar da ke kama mai sabuwar gona ita ce ya bi iyakarsa kaf da waya, har da kurmi da fadama da rafin da ba ya nomawa. Wannan asarar kuɗi ce, kuma zalunci ne ga dabba. Bar kurmi a waje. Bar bakin rafi a waje. Idan babbar turba ta ratsa tsakiyar filinka tsakanin makwanci da mashaya, ni dai shawarata ka raba gonar gida biyu, ka kewaye kowanne daban, ka bar musu burtali a tsakani. Burtalin ya zama mai faɗi, mai ciyawa da 'yan itatuwa, wanda dabba za ta tsaya a bakinsa ta hango ƙarshensa. Matsattsen lungu tsakanin dogayen wayoyi biyu tarko ne, ba za ta yarda da shi ba, idan kuma kare ya koro ta ciki jikin waya za ta faɗa.

Na san lissafin kuɗi yana ja zuwa wani gefen. Fili mai kusurwa huɗu daidai na hekta ɗaya yana cin mita 400 na shinge. Na hekta 4 yana cin mita 800, na hekta 16 mita 1,600. Wato duk sa'ad da fili ya ninka sau huɗu, waya sau biyu kawai take ninkawa. Wannan ne ke sa maƙwabta su haɗa kai su kewaye gonakinsu da shinge guda, kuma ta fuskar aljihu sun yi dabara. Sai dai shingen da ya miƙe kilomita biyu babu kafa ya tashi daga shingen gona ya zama ganuwa. Idan za ku haɗa kai, ku haɗa har da shawarar inda za a bar hanya.

Abin da doguwar waya ke yi wa dabba ba zato ba ne, an auna shi. A yammacin Wyoming masu bincike daga Jami'ar California ta Berkeley sun bi diddigin dabbobi masu ɗauke da na'urar GPS a wuya, suka wallafa sakamakon a 2021. Barewar yamma mai dogon kunne tana cin karo da shinge sau 119 a shekara a matsakaici, wata dabba mai kama da ita da ake kira pronghorn sau 248, kuma a kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗannan karo sai tafiyarsu ta sauya: su ja da baya, ko su yi ta kai da kawowa, ko su bi jikin wayar. Waɗannan fa gajerun shingayen shanu ne. A jihar dai, a wani wuri da ake kira Red Rim, wani mai kiwo ya kafa shingen raga mai tsawon mil 28 a 1983, ya datse hanyar zuwa makiyayar hunturu. Sanyin shekarar ya yi tsanani, ɗaruruwan pronghorn suka mutu a jikin waya, daga baya kotun tarayya ta ba da umarni a kan shingen bisa wata doka ta 1885. Gonarka ta tuffa ba ta kai wannan girma ba, barewar gabas ma ba ta doguwar ƙaura irin ta yamma. Amma inda gonaki ashirin suka jeru kowa ya kafa tasa, jimillarsu takan zama abu guda.

Sai batun titi, wanda a wurina shi ya fi komai muhimmanci domin ran mutum ne a ciki. Rahoton da hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta miƙa wa majalisa a 2008 ya ƙiyasta haɗarin mota da manyan dabbobi miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara, mafi yawansu barewa. Masu nazarin shingen titi sun daɗe da lura da abu ɗaya. A gandun Banff na Kanada, shingen babbar hanya ya rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin ɗari, amma ragowar haɗarin ya taru ne a inda shingen ya ƙare. Dabba tana bin waya har ta samu ƙarshe, nan take tsallakawa. Duba taswirarka: idan kusurwar shingenka za ta zubar da turba a kan kwana, ko a gangaren da direba ba ya hangen gaba, matsar da kusurwar. Kuma kada ka manna shinge dab da kwalta. Barewar da ta tsallako titi ta tarar da bango a gabanta komawa kan titin za ta yi. Ja baya, ka bar mata wurin tsayawa da hanyar zagayawa.

Ƙananan abubuwa uku kafin ka ajiye biro. Bar mita 9 zuwa 10 tsakanin ƙarshen layin itatuwa da shinge don tarakta ta juya. Share mita 2 zuwa 4 ta waje don dabba ta ga wayar tun daga nesa, kai ma ka samu hanyar zagaye. Kauce wa gindin tudu, domin wadda ta taho daga sama tana ganin shinge mai mita 2.4 kamar mai mita ɗaya da rabi.

Mataki na huɗu: wane irin shinge, kuma wane tsawo

An samu ma'auni a kan tsawo a 2010, lokacin da Kurt VerCauteren na ma'aikatar noma ta Amurka da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da barewar daji. Sun riƙa ɗaga shinge suna koro dabbobin. Ƙasa da mita 1.5 babu wadda ya tsayar. Mita 1.8 ya tsayar da kashi 14 cikin ɗari, mita 2.1 kashi 85, mita 2.4 kuwa babu wadda ta tsallake. Ƙafa 8 ke nan da ma'aunin da ake sayar da waya a can. Wanda ya sayi mai ƙafa 6 don ya rage kuɗi ya sayi abin da barewa shida cikin bakwai za su haye. Araha ba ta ado.

Ga gonar kasuwanci, abin da ya dace shi ne ragar ƙarfe mai tauri, mai kauri lamba 12.5, mai kafaffen ƙulli a kowace mahaɗa, wadda aka yi wa rufin tutiya mai kauri don kada ta yi tsatsa. Idanunta ƙanana ne a ƙasa, suna faɗaɗa zuwa sama. Tana kai shekara 25 zuwa 30 idan ana kula da ita, wato tsawon rayuwar gonar kanta. Baƙar ragar roba ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin kafawa, ta dace da ƙaramin lambun bayan gida, amma zomo yana huda ta, rana tana cinye ta, barewar da ta firgita kuma tana iya ratsa ta.

Shingen lantarki wani abu ne daban. Ba ya tare jiki, tsoro yake dasawa. Akwai na waya biyar da aka san shi da sunan Jami'ar Penn State, akwai mai karkata na waya bakwai, akwai kuma na layi biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wanda ke amfani da raunin idon barewa: idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan ko'ina, amma ba ta iya auna nisa da kyau. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Minnesota, inda ake shafa tunkuzar gyaɗa a kan ɗan gwangwani a maƙala a jikin waya. Dabba ta zo ta sunsuna da ɗanyen hanci, wuta ta ja ta, ta ɗauki darasi. Ana buƙatar hakan ne domin gashinta na hunturu rami ne a ciki, ba ya barin wuta ta ratsa sosai. Ƙarfin wutar kada ya sauka ƙasa da bolt 4,000 zuwa 5,000, a nutsa sandunan ƙarfe uku masu haɗa wutar da ƙasa da tazarar mita 3 a tsakaninsu, a riƙa sare ciyawar da ke taɓa waya. Matsalarsa ita ce a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa yake rauni: ƙasa ta daskare, ƙanƙara ta shiga tsakanin kofato da ƙasa, yunwa kuma ta fi tsoro ƙarfi. Yana da kyau ga ƙaramar gona inda barewa ba ta yi yawa ba, yana kuma barin ƙananan dabbobi su wuce. Ga dashen da ka zuba dukiyarka a ciki, raga ta fi.

Abu ɗaya nake roƙonka ka guje masa ko da kyauta aka ba ka: gajeriyar raga da aka ɗora wa waya mai ƙaya guda ɗaya a sama. Binciken da Harrington da Conover suka wallafa a 2006 kan shingayen Utah da Colorado ya gano cewa wannan shi ne nau'in da ya fi kisa. Dabba ta yi tsalle, ƙafar baya ta shige tsakanin raga da wayar sama, wayoyin su murɗe, ta rataye har ta mutu. Sun ƙirga gawa ɗaya a kowace kilomita 4 na shinge a shekara, ƙanana kuma sun ninka manya sau takwas wajen mutuwa. Shinge ya zama dogo sosai yadda ba za ta ko gwada ba, ko gajere yadda za ta haye lafiya. Na tsakiyar shi ne mugu.

Mataki na biyar: dirkoki da jan raga

Ƙarfin shinge yana kusurwa. Sa dirkokin katako da aka jiƙa da maganin ruɓa, masu tsawon mita 3.6 ko fiye, kauri santimita 15, a nutsa su wajen mita 1.2 don su wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa. In ba haka ba sanyi zai riƙa tura su sama kowace shekara. A kowace kusurwa da gefen kowace ƙofa, kafa dirka biyu, ka gitta katako a tsakaninsu ta sama, ka ɗaure su da waya a karkace daga kan ta biyun zuwa gindin ta kusurwa, ka murɗa ta yi tauri. Dirkokin tsakiya kuwa duk bayan mita 5 zuwa 6, a matso da su kusa inda ƙasa ke da tudu da kwari. Dirkar da inji ya buga ta fi wadda aka haƙa wa rami riƙo.

Raga tana zama ta wajen dirka, ɓangaren da dabba za ta turo, don nauyinta ya faɗa kan katako ba kan ƙusa ba. Ɗaure ta a kusurwa, ja ta da maƙalin ƙarfe da sarƙa har lanƙwasar da ke jikin wayoyin kwance ta miƙe kusan rabi. Kada ka miƙar da ita duka, ita ce ke ba wa ƙarfe damar tsukewa da sanyi ya saki da zafi. Ƙusoshin da ke riƙe waya a dirkokin tsakiya kada ka buga su har ƙarshe, bar wayar ta iya zamewa.

Mataki na shida: ƙasan shinge da ƙofa

Mutane suna kallon sama, barewa tana kallon ƙasa. Idan ta samu zaɓi, ratsawa ta ƙarƙashi ta fi mata tsalle. Ramin da bai wuce santimita 25 ba ya ishi babba ta kutsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Raga ta taɓa ƙasa a ko'ina. Inda ƙasa ta lotsa, cike da duwatsu ko ka ƙara gutsuren raga ka danne shi da turaku. Inda shinge ya haye magudanar ruwa, rataya labulen raga ko katako da zai ɗaga idan ruwa ya taho da itace ya koma idan ya wuce, kuma ka duba shi bayan kowane ruwa mai ƙarfi.

Ƙofa tsawonta ɗaya da shinge, ba rami a ƙarƙashinta, ba tazara a gefenta. Rage yawansu. Mafi yawan barewar da ake samu a cikin gona mai shinge ta ƙofa ta shiga, a lokacin tsinkar 'ya'ya, sa'ad da motoci ke shige da fice har dare, kowa yana zaton na bayansa zai rufe. Ɗora wa mutum ɗaya alhakin zagaya ƙofofi kowace magariba. Sannan ka yi ƙofa guda a kusurwa mafi nisa daga titi, mai fuskantar kurmi, ba don mota ba, don ranar da dabba za ta shiga. Idan aka tsorata ta jikin waya take bi har kusurwa, can za ta samu mafita. Wasu suna tara ƙasa ta ciki ta zama tudu har kusa da saman shinge, yadda dabba za ta hau ta dira waje amma ba ta iya hawowa daga waje, dabarar da aka aro daga shingen manyan tituna.

Mataki na bakwai: ranar rufewa

Kafa shinge kafin dashe, ba bayansa ba. Hana dabba abin da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba ya fi sauƙi a kan raba ta da abin da ta saba.

Kada ka rufe tsakanin ƙarshen Mayu da Yuli. Lokacin haihuwa ne, uwa tana ɓoye ɗanta a cikin ciyawa ta tafi kiwo, ta dawo shayarwa sau kaɗan a yini. Ɗan ba ya motsi ko ka zo dab da shi. Idan ka rufe yana ciki tana waje, za ta yi ta zagaye tana dukan waya, shi kuma yunwa ta kashe shi. Ƙarshen Agusta ko farkon Afrilu sun fi. Ranar da za a rufe, bar ɓangare guda a buɗe ta wajen kurmi, tara mutane su jeru, su taka a hankali daga ɗaya ƙarshen ba ihu ba kare, a duba kowace sarƙaƙiya, sannan a ja raga ta ƙarshe. Washegari ka sake zagayawa neman sabon sawu a ciki.

Mataki na takwas: sa shingen ya ganu

Makonnin farko su ne masu haɗari, domin dabba tana tahowa da gudu a kan turbar da ta sani, cikin duhu, ba ta san an sa wani abu ba. Ɗaura fararen ƙyallaye a jikin raga daidai tsawon ƙirjin mutum, duk bayan mita 3 ko 4, ka yawaita su inda jan bironka ya nuna turba ta ratsa. Farin abu mai kaɗawa shi ne alamar da su kansu ke yi wa juna da wutsiya idan akwai haɗari.

Ba barewa kaɗai ke karo da waya ba. A Scotland, inda ake kafa shinge mai mita 1.8 don kare dashen daji daga jar barewa, an gano wayar tana cikin manyan abubuwan da ke kashe wani ƙaton tsuntsu mai suna capercaillie, dangin fakara, wanda namijinsa ya kusa talo-talo girma. Yana tashi ƙasa-ƙasa da gudu, ba ya ganin waya. Ƙidayar hunturun 2021 zuwa 2022 ta samu bai kai 600 ba a duk ƙasar. Shi ya sa can ake cire tsofaffin shingaye, waɗanda suka rage kuma a maƙala musu raga mai ruwan lemo ko faifan katako a rabin sama. Idan gonarka tana bakin kurmi, yi wa naka alama ta sama ma.

Mataki na tara: kula da ciki, kula da waje

Zagaya shingen da ƙafa sau ɗaya a mako a shekarar farko, daga baya sau ɗaya a wata, da kuma bayan kowace guguwa. Itacen da ya faɗo kan raga shi ne babban abokin gaba. A gabashin Amurka abin ya ƙaru tun da wani koren ƙwaro da aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002 ya kashe miliyoyin wasu itatuwan daji da ake kira ash, suna nan tsaye a bushe suna jiran iska. Sare duk wanda zai iya kaiwa ga waya. Da hunturu duba inda iska ta tara ƙanƙara a jikin shinge, domin tulin mita ɗaya ya mayar da shingenka mai mita 1.4.

A ciki, sa ido kan ɓera da zomo. Ragar da ta hana barewa tana iya rage shigowar yanyawa da dilan Amurka masu cin su. Naɗe gindin kowane dashe da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, tsawon santimita 45 zuwa 60, ka riƙa aske ciyawa ƙasa-ƙasa kafin ƙanƙara ta sauka, ka kafa dogayen sanduna don shaho da mujiya su samu wurin sauka.

A waje kuwa, mayar da kyamarorin nan zuwa kusurwoyi da bakin burtali. Cikin 'yan watanni za ka ga sabuwar turba ta fito a jikin shingen, tana bin sa kamar an ja layi. Ɗauko tsohuwar taswirarka, ka zana sabbin hanyoyin da shuɗin biro a kan jajayen. Idan shuɗin ya bi burtalin da ka bari, aiki ya yi. Idan ya nufi titi, sanar da hukumar hanya, ka share ciyayin da ke rufe wa direba ido, in ta kama ka matsar da kusurwar. Idan ya taru a gonar maƙwabci, ko ka ga ƙananan itatuwan kurmin da ke kewaye sun ƙare ƙarƙaf har tsawon kai, to dabbobin sun fi ƙarfin abin da ya rage musu, kuma waya ba ta maganin wannan. Jihar New York da Pennsylvania duka suna da shirin da ke ba masu gonaki ƙarin izinin farautar mata a lokacin farauta, domin yawan mata ne ke ƙayyade yawan garke. Ku nemi izinin tare da maƙwabta, a kan filayen da ke wajen shingen.

Ranar da aka tumɓuke itatuwan, ko aka daina noman wannan ɓangaren, naɗe ragar ka cire ta, ko aƙalla ka buɗe manyan kafofi a inda jajayen layukan taswirarka suka ratsa. Tsohuwar wayar da ta saki, ta kwanta rabi a cikin ciyawa, ta fi sabuwa kama ƙafa da ƙaho.